Littafin aiki: me ke sa Pseudomonas ta bar kai hari ta koma zaman dirshan

3 ga Fabrairu

Yau muka ciro samfuran farko daga firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, muka shafa su a faranti. Dukkansu *Pseudomonas aeruginosa* ne da ɗakin gwajin asibiti ya tsinto daga marasa lafiya. Wasu daga jini, wasu daga bakin robar fitsari da aka cire, wasu kuma daga majinar bututun numfashi na waɗanda ke kwance a sashen kulawa ta musamman. Babu sunan kowa a jikin kwalaben, lamba ce kawai da wurin da aka ɗebo.

Tambayar aikin gajeriya ce. Wannan ƙwayar cuta tana da rayuwa iri biyu. Wani lokaci tana yawo ita kaɗai cikin ruwa, tana iyo da wutsiyarta, tana harba dafi cikin ƙwayoyin jikin mutum. Wani lokaci kuma sai ta manne a jikin roba ko ƙarfe ko nama, ta lulluɓe kanta da yauƙin da ita ta haɗa, kamar gansakukar da ke kama cikin bututun ruwa. Wannan shimfiɗar ita ce bayofim. Muna son mu gano waɗanne ƙwayoyin gado ne ke yanke shawarar wacce rayuwa za a yi a samfuran da ke hannunmu, da kuma ko wanda ya fi mannewa shi ne ya fi illa. Takardar neman tallafin da muka rubuta ta ɗauka cewa haka ne.

Don awo muna da sanannun iri biyu. PAO1 an same ta ne daga wani rauni a Malbon ta Ostareliya a 1954, kuma ita aka fara karanta jerin DNA ɗinta gaba ɗaya a wannan jinsi, a shekarar 2000: harafi miliyan 6.3, ƙwayoyin gado kimanin 5,570. Kaso mai tsoka daga cikinsu aikinsu kunna wasu da kashe wasu ne kawai. PA14 kuma daga mai ƙuna aka samo ta, ta fi PAO1 zafi a kusan kowane gwajin dabba.

6 ga Fabrairu

An tabbatar da jinsi. Duk sun tsiro a aga (daskararren abincin da ake shuka ƙwayoyi a kai) mai setrimaid, sinadarin da ke hana yawancin sauran bakteriya tsirowa, sun jure digiri 42, gwajin oksides ya nuna shuɗi nan take. Ko ba a gwada ba hanci ya riga ya faɗa, don da an buɗe akwatin ɗumi ƙamshin nan mai kama da na inabi ke tarbar mutum. Wasu farantan sun rine kore-shuɗi, launin da Carle Gessard ya bi diddiginsa a bandejin majinyata har ya ware ƙwayar a 1882.

12 ga Fabrairu

Gwajin mannewa. Hanyar ita ce wadda George O'Toole da Roberto Kolter suka yaɗa a 1998, kuma sauƙinta ne ya sa ta cika duniya. Ana zuba ƙwayoyin a faranti mai rami 96, a bar su su kwana a digiri 37, a zubar da ruwan, a wanke, a zuba rinin kiristal bayolet mai ƙarfin kashi 0.1 cikin ɗari. Bayan an sake wankewa, duk abin da ya manne zai fito shunayya. A wannan jinsin zobe ne yake fitowa a bangon ramin, daidai inda ruwa ya haɗu da iska, saboda ƙwayar mai son iskar shaƙa ce. Sai a narkar da rinin da ruwan asid mai kashi 30, a auna duhunsa da na'ura.

Wankin ne wurin da aiki ke gyaruwa ko ya ɓaci. In aka feshe ramin da ƙarfi, shimfiɗar ta ɓalle ta bi ruwa. In aka lallaɓa fiye da kima, ƙwayoyin da suka kwanta a ƙasa kawai ba tare da mannewa ba za su sha rini su ba da amsar ƙarya. Malamar da ke kula da ɗakin gwajin ta ce mini, "Ɗana, nutsa farantin gaba ɗaya cikin bahon ruwa, ka girgiza, ka kife shi kan takarda. Hannu ɗaya ya yi wa kowane rami hukunci ɗaya." Haka muka tsayar. Ramukan gefe kuma ruwa zalla muke zuba musu, domin su ne ke fara ƙafewa.

Ina so in rubuta wannan tun yanzu: rinin ba ya bambance rayayyen ƙwaya da matacce, ba ya bambance ƙwaya da yauƙi. Nauyin abin da ya manne kawai yake nunawa.

20 ga Fabrairu

Sakamakon PCR, gwajin da ke nuna ko wani yankin DNA na nan, ya fito, kuma ya kusa zama abin dariya. Mun nemi ƙwayoyin gadon dafi da na mannewa: *lasI*, *lasR*, *rhlI*, *rhlR*, *pelA*, *algD*, *lasB* da *toxA*. Kusan kowane samfur yana da kusan kowanne. Wanda ya ba da zobe mai kauri yana da su, wanda da kyar ya taɓa bangon ramin shi ma yana da su.

Ba abin mamaki ba ne, waɗannan suna cikin kayan gadon da jinsin gaba ɗaya ke ɗauke da su. Abin da ya dame ni shi ne yawan rahotannin da ke tsayawa a nan, su lissafa kashi nawa ne ke da ƙwayar gado kaza, su ce sun auna mugunta. Layin da ya fito a jel ɗin da ake karanta sakamakon PCR a kai yana cewa ne akwai wani yanki na DNA mai tsawon da aka nema. Bai ce ana karanta shi ba, bai ce harafi ɗaya bai faɗi a tsakiyarsa ba, bai ce komai kan mai riƙe da makunninsa ba.

Wuri ɗaya ne PCR ta raba mana samfuran: *exoS* da *exoU*. Waɗannan dafi ne biyu da ƙwayar ke ɗura wa ƙwayoyin jiki kai tsaye ta wata allura da take ginawa a fatarta, wadda ake kira tsarin fitarwa na uku. Da wuya a sami duka biyun a iri ɗaya. PAO1 tana da *exoS*, PA14 tana da *exoU*, wanda ke farfasa kitsen fatar ƙwayar jiki cikin hanzari. Namu ma sun rabu haka, kuma masu *exoS* sun fi yawa.

Na kai wa Farfesa, shugabar aikin, hoton jel ɗin. Ta duba ta ce, "To, yanzu ka san suna da makamai. Je ka gano mini wa ke harbawa."

27 ga Fabrairu

Na sauya abincin ƙwayoyin daga romo mai wadata zuwa mai ƙarancin sinadari da gulukos, sai jerin gwanaye ya hargitse. Wasu da ke sama suka sauko tsakiya. Daga yau duk gwajin mannewa a abinci biyu za a riƙa yin sa.

6 ga Maris

Makon nan ya yi albarka. Mun koma gwada abin da ƙwayoyin ke yi maimakon abin da suka mallaka.

Na farko farantin aga mai madara. Ƙwayar da ke fitar da LasB, inzayim mai narkar da furotin, tana share farin madarar da ke kewaye da ita, sai a ga zobe garau. Na biyu payosayanin, wato launin shuɗin nan: a jawo shi da kulorofom, a mayar da shi cikin ruwan asid, sai ya koma ruwan hoda, a auna a nanomita 520. Dukkansu biyu suna ƙarƙashin tsarin da ƙwayoyin ke ƙidaya junansu da shi.

Ga yadda tsarin yake. Kowace ƙwaya tana sakin wani ɗan sinadari kaɗan-kaɗan. Idan su ƙalilan ne, sinadarin ya watse bai kai ko'ina ba. Idan suka yi cunkoso, ya taru har ya cika wani furotin mai jiransa a cikin ƙwayar, shi kuma ya hau DNA ya kunna ɗaruruwan ƙwayoyin gado a lokaci guda. Kenneth Nealson da Woodland Hastings na cikin waɗanda suka fara hango alamarsa, a 1970, a wata bakteriyar teku da ba ta haske sai ta yi yawa. A *Pseudomonas* benaye ne. LasI na haɗa sinadarin farko, LasR na karɓa. LasR ta kunna RhlI da RhlR, masu nasu sinadarin dabam. A tsakani akwai na uku, PQS, da aka bayyana a 1999. A littafi LasR ce shugaba, in ta faɗi sauran su yi shiru.

Cikin samfuran bututun numfashi akwai 'yan kaɗan da ba su share madara ko kaɗan ba. Ɗaya daga cikinsu na daɗe ina juya farantinsa a ƙarƙashin fitila. Gungun ya baje, tsakiyarsa ta ɗan lotsa ta yi ramuka inda ƙwayoyin suka fashe da kansu, samansa kuma yana wani ƙyalli irin na ƙarfe, launuka na wasa a kai in an karkata shi. Wannan siffa sananniya ce ga masu LasR da ta lalace: wani sinadari mai suna HHQ, wanda daga shi ake ƙera PQS, yana taruwa domin inzayim ɗin da ke juya shi yana jiran umarnin LasR. Mun laƙaba masa suna Mai Ƙyalli.

Shi da ya kamata ya zama kurma a cikin jama'a, zoben da ya bari a gwajin mannewa bai gaza na PAO1 ba.

18 ga Maris

Jerin haruffan *lasR*, ƙwayar gadon da ke haɗa LasR, na Mai Ƙyalli ya dawo. Harafi ɗaya ya ɓace kusa da farko, karatun ya goce, furotin ɗin ya yanke tun bai kai rabi ba. PCR ta nuna mana layi mai kyau a wannan wurin wata guda da ya wuce.

Me zai sa ƙwaya ta yar da shugabar dafinta a cikin jikin majinyaci? Amsar da aka fi yarda da ita ta tattalin arziki ce. Haɗa LasB da sauran kayan da ake zubarwa waje yana cin ƙarfi, amfaninsu kuma na kowa ne, don furotin ɗin da aka narkar duk wanda ke kusa zai sha. Wadda ta daina haɗawa tana ci daga gumin maƙwabta, ta yi saurin hayayyafa. 'Yan ci-ma-zaune ke nan. Stephen Diggle da abokan aikinsa sun nuna haka a kwalba a 2007. Thilo Köhler da Christian van Delden a Janeba sun bi majinyatan da ke kan na'urar numfashi, suka ga irin waɗannan suna ƙaruwa cikin kwanaki a huhun mutum ɗaya. A masu cutar sistik faiburosis kuwa, ciwon gado mai cika huhu da majina mai kauri, inda ƙwayar ke shekaru a huhu, *lasR* na cikin waɗanda suka fi yawan lalacewa.

Ban gamsu cewa ci-ma-zaune ne kaɗai bayanin ba. An nuna cewa masu wannan lahani suna girma da kyau a kan wasu amino asid, kuma suna jure ƙarancin iska, abubuwa biyu da ke jibge a majinar huhu. Wataƙila riba biyu suke ci.

Wani abu kuma: na bar kwalbar Mai Ƙyalli a injin girgiza har kwana na biyu, da na dawo ta yi shuɗi. Ashe RhlR tana iya tashi da kanta in an daɗe, ko babu LasR. An sha ba da rahoton haka a samfuran asibiti. Benayen littafi na PAO1 ne, ba dole kowane iri ya bi su ba.

Wannan ya sa na sake karanta aikin David Davies da su Peter Greenberg da William Costerton na 1998, wanda ya nuna cewa PAO1 marar *lasI* tana yin shimfiɗa siririya, shafaffiya, da sabulun gwaji ke wankewa cikin sauƙi. Aikin gaskiya ne, amma a bututu mai gudanar ruwa aka yi shi, da abinci iri guda. Daga baya wasu sun sauya abincin, bambancin ya ragu ko ya ɓace. Abin da na gani ranar 27 ga Fabrairu ke nan.

2 ga Afrilu

Wani samfur daga robar fitsari ya ƙwace mana hankali. Gungunsa ƙarami ne, busasshe, ya yamutse ya yi tamoji. In aka sa waya za a ɗebo, sai ya taso gaba ɗaya ko ya ƙi rabuwa da agar. A romo ba ya gauraya, dunƙulewa yake ya kama bangon kwalba, ruwan ya zauna garau. A faranti mai rinin Kongo ja ya sha rini ya yi jawur. A aga mai laushi, inda PAO1 ke iyo ta yi faffaɗan da'ira, shi ko motsi. A gwajin mannewa sai da muka tsarma rinin kafin na'ura ta iya karantawa. Sunansa Mai Tamoji.

Duk alamun nan wuri ɗaya suke nunawa, wato c-di-GMP. Wani ɗan sinadari ne na cikin ƙwaya da ƙungiyar Moshe Benziman ta gano a 1987, suna binciken yadda wata bakteriya ke saƙa selulos. Ba wanda ya zaci a lokacin cewa shi ne babban makunnin zama da tafiya a bakteriya masu yawa. In ya yi ƙasa, a gina wutsiya a yi iyo. In ya yi sama, a dakatar da wutsiya a fara zubo yauƙi. A *Pseudomonas* akwai furotin mai suna FleQ da ke riƙe da ragamar biyun: shi ke kunna ƙwayoyin gadon wutsiya, shi ke danne na *pel* da *psl*, masu haɗa sarƙoƙin sukarin da ake gina shimfiɗa da su. Da c-di-GMP ya kama shi, sai ya juya, ya saki *pel* da *psl* ya yi sanyi wajen wutsiya.

Furotin kusan 40 ne ke haɗa wannan sinadari ko rusa shi a jinsin nan, don haka neman wanda ya lalace zai iya zama dogon farauta. Amma akwai wanda ake fara tuhuma. WspR tana haɗa c-di-GMP idan ƙwaya ta ji ta taɓa wani abu mai tauri, WspF kuma ita ce birkinta. In *wspF* ta lalace, WspR ba ta sake hutawa. Mun aika a karanta mana ita.

11 ga Afrilu

Ina jiran sakamako, na zauna na zana wa ɗalibai ɗayan makunnin a allo, don sun fara ruɗewa. GacS da GacA suna kunna wasu ƙananan RNA biyu, RsmY da RsmZ. Su kuma suna kama furotin RsmA su ɗaure. RsmA in tana sake, allurar dafi na aiki, *pel* da *psl* na danne. In aka ɗaure ta, lamarin ya juye. RetS na taka wa GacS birki, LadS na zuga ta. An gano cewa *ladS* ta PA14 a lalace take, kuma ana ganin yana cikin dalilan zafinta.

Wata ɗaliba ta tambaya, "Malam, ke nan ba za ta iya yin duka biyun tare ba?" Na ce ƙwaya ɗaya a lokaci ɗaya tana karkata ne gefe guda, amma robar da ke jikin majinyaci tana ɗauke da miliyoyi, kuma ba bakinsu ɗaya ba.

16 ga Afrilu

*wspF* ta Mai Tamoji ta rasa wani yanki a tsakiya.

25 ga Afrilu

Gwajin kisa. Muna amfani da tsutsar *Galleria mellonella*, asun da ke cin kakin zuma, saboda tana jure digiri 37 kuma garkuwar jikinta ta farko tana da kama da ta ɗan Adam. Ana riƙe ta tsakanin yatsu biyu, a soka siririyar allura a ƙafarta ta ƙarshe ta hagu, a ɗura maikurolita 10. Lafiyayya fara ce sol mai ɗan rawaya, tana murɗawa in an taɓa ta. Wadda cuta ta ci tana fara ɗige-ɗigen toka a baya, ta yi ruwan ƙasa, ta koma baƙa ƙirin, in an juya ta ba ta juyowa. Da wannan jinsin dole a tsarma sosai, don ƙwayoyi ƙalilan sun isa su kashe.

PA14 da samfuran jini masu *exoU* sun gama da nasu tun kafin gari ya waye. Mai Tamoji, gwanin mannewa, shi ne ya fi kowa jinkiri, wasu tsutsotsinsa suna motsi bayan na sauran sun yi baƙi. Mai Ƙyalli kuwa bai yi wani jinkirin kirki ba. Rashin LasR bai taɓa allurar dafinsa ba, kuma a wannan tsutsa allurar na da babban rabo a kisan.

Don haka abin da takardar tallafi ta ɗauka bai tsaya ba, aƙalla a waɗannan samfuran. Wanda ya fi mannewa bai fi saurin kisa ba. Sai dai kalmar illa kanta tana buƙatar a raba ta biyu. Tsutsa tana auna wanda ke kisa cikin dare ɗaya. Ba ta auna wanda zai zauna a roba makonni, magani ya bi ta kansa ya wuce, yana sakin 'yan ƙwayoyi cikin jini lokaci zuwa lokaci. A gadon asibiti na biyun ma yana kai mutum kabari.

8 ga Mayu

Mun gwada magungunan kashe ƙwayoyin cuta biyu, tobramaisin da sifrofuloksasin, ta hanya biyu. A gwajin da asibiti ke yi, na ƙwayoyi masu yawo a romo, Mai Tamoji mai jin magani ne, likita zai ga takarda ta ce a ba shi. Da muka bar shi ya yi shimfiɗa a kan turakun roba tukuna, muka ninka maganin sau da yawa, har yanzu akwai masu rai. Waɗanda suka tsira ɗin, da aka warwatsa su aka sake shukawa, sun koma jin magani kamar da. Ba gadon bijirewa suka samu ba, zaman ne ya kare su.

Dalilan sun haɗu ne. A can ƙasan shimfiɗa iska ta ƙare, ƙwayoyin sun kusa daina aiki, magungunan kuma sun fi cin mai aiki. Tobramaisin na da cajin da ke sa ta maƙale a yauƙin, musamman a DNA ɗin da ke zube a cikinsa. Cynthia Whitchurch ta nuna a 2002 cewa wannan DNA na waje ginshiƙi ne, inzayim mai yanka DNA yana rusa sabuwar shimfiɗa. Mun gwada, ya rusa ta 'yan sa'o'i, ta kwana biyu ko gezau. Akwai kuma ƙwayoyin gado da ba sa tashi sai a cikin shimfiɗa, irin su *ndvB* da Thien-Fah Mah da O'Toole suka bayyana a 2003, mai haɗa wani zoben sukari da ke tare maganin kafin ya isa inda zai yi aiki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai yana ramukan da maganin ya yi ƙaranci. A can, ƙasa da adadin da ke hana girma, zoben shunayya ya fi na ramin da ba magani kauri. Lucas Hoffman da abokansa sun ba da rahoton haka a 2005 game da dangin tobramaisin. Maganin da bai kai ya kashe ba yana iya zama shi ne saƙon da ke cewa a manne.

15 ga Mayu

Abokiyar aikina a teburin da ke kallon nawa tana kan wata ƙwayar cuta dabam, *Staphylococcus aureus*, daga robar jijiya, kuma labarinta ya yi kama da nawa har abin ya ba mu dariya. Nasu tsarin ƙidayar sunansa *agr*, sinadarinsa ɗan guntun furotin ne, mai zartarwarsa kuma RNA ce da ake kira RNAIII, wadda Richard Novick ya bayyana aikinta a 1993. In *agr* ta tashi, a zubo dafin da ke fasa jini da wasu ƙananan furotin masu kwance shimfiɗa, a rage na mannewa. Samfuranta da ba sa fasa jini a faranti su ne masu shimfiɗa mafi kauri. Ita ma PCR ta nuna mata *icaA* da *icaD*, ƙwayoyin gadon haɗa yauƙi, ko'ina, alhali da yawa daga masu bijire wa maganin metisilin da furotin suke gininsu, ba da sukarin da *ica* ke haɗawa ba.

Wannan ya sa nake ɗari-ɗari da maganar magungunan toshe ƙidaya. Tunanin yana da daɗin ji: kada a kashe ƙwayar, a kurmantar da ita, ta rasa dalilin bijirewa. An gwada wani sinadari mai suna C-30, da aka kwaikwayo daga wani jan ganyen teku na Ostareliya, ya yi aiki a ɓeraye a 2003. Bayan 'yan shekaru aka sami irin da ke tofar da shi waje ta famfon fatarsu. A *Staphylococcus* kuwa, toshe *agr* zai rage dafi amma yana iya ƙara mannewa. Ga mai ciwon huhu mai zafi wannan ciniki ne mai kyau. Ga mai roba a jijiya ban tabbata zan sa hannu ba.

29 ga Mayu

Duk abin da ke sama haɗuwa ce kawai: ga lahani, ga hali. Samfuran asibiti sun bambanta da PAO1 a dubban wurare, don haka ba mu da ikon cewa *wspF* ce ta yamutsa Mai Tamoji sai mun gwada ta fuska biyu. Mu cire ta daga PAO1 mu ga ko za ta yi tamoji, mu kuma mayar wa Mai Tamoji lafiyayya mu ga ko zai warware.

Na farkon ya kama hanya. Mun haɗa gefuna biyu na *wspF* ba tare da tsakiyar ba a cikin plasmid pEX18, wani ɗan zoben DNA mai ɗauke da alamar jure maganin jentamaisin, muka shigar wa PAO1 ta hanyar bakteriyar *E. coli*, muka zaɓi waɗanda suka karɓa da jentamaisin. Mataki na gaba faranti mai sukuros: plasmid ɗin na ɗauke da *sacB*, wadda ke mayar da sukuros guba ga ƙwayar, don haka sai wadda ta fitar da shi ke rayuwa. Cikin masu rayuwar wasu sun koma yadda suke, wasu sun fita da *wspF*. A wannan karon ido ma ya isa, don tsakanin gungu masu santsi ga wasu ƙanana a yamutse.

Na biyun ne ke ba da wahala. Mai Tamoji yana jure jentamaisin daidai gwargwadon da zai ɓata zaɓen, kuma dunƙulewarsa na hana DNA shiga. Za mu koma alamar jure maganin tetrasaikilin, mu kuma farfasa dunƙulen da ƙananan duwatsun gilashi kafin a wanke.

9 ga Yuni

PAO1 marar *wspF* ta tabbata ta PCR da karatun jeri. Ba ta iyo, tana shan jan rini, zobenta ya ninka na uwarta, PAO1 ta asali. Ranar Litinin za ta shiga tsutsa tare da uwar da Mai Tamoji.

Wani abu ya ɓullo da ba ya cikin tsari. A tsohon farantin Mai Tamoji da ya yi mako a kan tebur, wani yanki mai santsi ya tsiro daga gefen gungun ya bazu. Na ɗebo shi na shuka dabam. Yana iyo, yana gauraya a romo, zobensa siriri ne, kuma *wspF* ɗinsa har yanzu a lalace take. Zargina yana kan *wspR* ko *pel*, wani lahani na biyu da ya kashe tasirin na farko. In haka na faruwa a faranti cikin mako guda, to robar da aka ciro shi daga jikinta tana iya ɗauke da iri biyun tare, ɗakin gwaji kuma gungu ɗaya tak yake ɗauka ya ajiye.

Farfesa ta amince mu nemi izinin kwamitin ɗa'a don a riƙa ba mu robar kanta, mu ɗebi gungu da yawa daga kowace. Na ajiye mai santsin a firiza kusa da Mai Tamoji, an kuma saka DNA ɗin su biyun cikin waɗanda za a karanta gaba ɗaya a zagaye mai zuwa.